Ɗakin Kaka Marar Azara

Duk sa'ad da na wuce inda ake kwaɓa laka, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawa sai ya tsaida ni. Yana maida ni gidanmu na Tahoua, shekarar da aka kawo Kaka, mahaifiyar Innata, daga arewacin Takanamat. Ina yarinya lokacin, ban daɗe da shiga lakkwal, makarantar boko, ba.

Fari ne ya cinye dabbobinta, mijinta kuma ya riga mu gidan gaskiya. Tun haihuwarta a tantin fata take kwana. Baba ya share mata ɗaki mai kyau, mai azara da ƙofar kwano. Ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya.

"Ba ni shiga akwati da raina," in ji ta.

Sai ta kafa tsohuwar fatarta a tsakar gida. Fatar ta tsufa, duk huji. Daminar farko ta jiƙa ta sarai, tari ya kama ta, irin wanda ke girgiza dukan jiki. Likita ya gaya wa Inna a fili: in tsohuwar nan ta sake yin damina a waje, kada su sa rai. Inna ta yi roƙo, ta yi kuka. Kaka dai sai ta kau da kai.

Kawuna, ƙanin Inna, magini ne. Da sanyi ya wuce sai ya zo ya zauna bakin tantin. Kwana biyu yana tambayarta: ina ƙofa ke duba, ina ake aje gado, ta ina iska ke shiga. Rana ta uku ya buga turke a filin da ke bayan madafa, ya ɗaura igiya, ya zana da'ira a ƙasa.

Na ga ginin tun daga tushe. Ƙananan tubala ya yi amfani da su, kuma igiyar nan ita ke nuna masa inda kowane zai zauna. Bango bai kai kafaɗar babba ba ya fara lanƙwasawa ciki, sahu bisa sahu, ba azara, ba ko sanda ɗaya da ke tallabe shi. Ya bar manyan kafofi biyu, gabas da yamma, waɗanda tabarma kawai ke rufewa. Ƙasan kuwa bai daɓe ba, farin yashi ya sa aka ɗebo da jaki aka baje.

Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa za mu zuba tsohuwa a rumbu kamar hatsi. Baba bai yi dariya ba. Ya tsaya gaban Kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"In wanga abu ya faɗa kanta, mi za ka ce ma mutane? Cikin gidana ne hwa."

Kawu ya ci gaba da aikinsa. Da laka ta bushe, ya kira maza shida suka hau kan ɗakin tare da shi, suka tsaya, suka yi tsalle. Shi kuma daga baya ya sauko ya zauna ciki suna ta tsalle bisa kansa. Ko ƙura ba ta zubo ba.

Duk da haka Kaka ba ta shiga ba, har bazara ta ƙare. Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara fizgar fatar. Ta kira ni, ta dafa kafaɗata, muka taka a hankali. Ta duƙa ta shiga, ta nutsa tafin hannunta cikin yashin. Sannan ta kwanta rigingine tana kallon sama, ta daɗe.

"Ɗaga mani tabarmar yamma," ta ce, "in ga ruwan."

Shekara bakwai ta yi a ɗakin, kuma a cikinsa aka yi mata wankan ƙarshe.

Yau unguwar ta koma siminti da kwano, da rana ɗakuna sai ka ce tanda. Ɗakunanmu masu azara gara ta ci su, an sake rufinsu. Na Kaka yana nan, sai yaɓe da ake sabunta masa. Kawu ne a cikinsa yanzu, idanunsa sun tafi. Bara na tambaye shi ɗakuna nawa irin wannan ya gina kafin na Kaka.

Ya shafa bangon.

"Ko ɗaya, ɗiyata. Wani wuri na ga ana yi, na tsaya kallo kwana ukku. Uwata ce na fara sawa ƙarƙashinsa. Duk hadarin da ya taso shekara bakwai ɗin nan, ko ina nike, sai na aje aiki na taho gida."