Kujerar da Ke Kallon Baya

Watan Hajiya bakwai a gidanmu lokacin da ta fara maganar tikiti. Hajiya surukata ce, mahaifiyar matata. Bayan ta fita takaba muka matsa mata ta zo Greensboro, nan Amurka, ta zauna da mu, don gidanta na Yawuri ya yi mata faɗi, 'ya'ya duk sun watse. Ta zo ɗin, amma hankalinta bai kwanta ba. Kullum tana ɗakinta na sama, daga ita sai carbi sai wa'azi a waya. Wata safiya ta ce wa 'yarta a gaya mini in duba mata jirgin komawa gida. Mun san idan ta koma ita kaɗai za ta zauna a gidan nan, ga hawan jini, ga ƙafa da ta fara ba ta wahala. Ni dai ban so ta tafi ba, matata kuwa ko maganar ba ta iya yi sai muryarta ta karye.

A makon ne matata ta bi da ita ta gefen tafkin da ke arewacin gari. Hajiya ta ce a tsaya. Ta sauka, ta taka har bakin ruwa, ta tsoma hannu. Matata ta ce har suka iso gida bakinta bai rufu ba, tana ba da labarin kwale-kwalen mahaifinta da yadda suke haye kogi da buhunan albasa tun ba ta kai tsawon sandar tuƙi ba. Rabon da a ji ta yi doguwar magana haka tun kafin rasuwar mijinta Alhaji.

Ni mutumin Zariya ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na famfo. Amma ina da wani hali, in aka kawo mini matsala sai in tashi neman abin da zan saya. Na shiga neman irin jirgin ruwan nan da ake kira fantun: shimfiɗaɗɗen dandamali a kan dogayen tankuna biyu na alminiyam, an kewaye shi da shinge, an sa kujeru da rumfa. Kamar dai an ɗauki falo an aza a kan ruwa. Ba ya tangaɗi, tsohuwa za ta iya shiga ba tare da an ɗaga ta ba.

Na tace na tace har suka rage biyu, duka na hannu. Ɗaya yana wurin masu sayar da jirage a kan titin Wendover, ɗayan yana gidan wani tsohon Bature a Summerfield, an jingine shi kusa da bargar dawakai. Kamfani ɗaya ya ƙera su, tsawo ɗaya, har launi ɗaya, kowanne na ɗaukar mutum goma. Sati uku na yi ina auna su. Ni da ban taɓa tuƙa ko gora a ruwa ba na zama gwanin inji, ina yi wa abokan aiki bayani kamar a jirgi aka haife ni. Na Wendover injinsa ya fi sabunta, rumfarsa ba ta ci rana ba. Na Summerfield fatar kujerarsa ta tsage a gefe, kuma yana ƙarnin kifi. Na yanke shawara a kan na Wendover, na ɗauki matata ranar Asabar don ta gani ta yaba.

Ta hau, ta zagaya, ba ta ko kalli injin ba. Ta ce, "Malam, zauna a kujerar matuƙi."

Na zauna na kama sitiyari, ina jin kaina.

Ta zauna a kujerar gaba ta ce, "Kana ganina?" Na ce ina gani. Ta koma ta gefe ta sake tambaya. Ta bi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, ko'ina ta zauna idona yana kanta, nata yana kaina. Sai ta ce, "To, ina Hajiya za ta zauna? A ina za ta ci abinci?"

Shekara goma sha huɗu da aurenmu, ban taɓa ganin Hajiya ta kai loma baki ba, ita ma ba ta taɓa ganin na ci ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, in akwai saƙo ta ba 'yarta. Haka muka tashi muka tarar ana yi tsakanin mutum da surukarsa, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba. Amma ran nan raina ya ɓaci, don sati ukuna aka rushe da tambaya ɗaya. Na ce, "Haba, nan fa Amurka ce. A tsakiyar ruwa ma sai an yi kunya? Ai kunyar nan ce ta kulle ta a ɗaki."

Matata ta ce, "Ba kunya ce ta kulle ta ba. Gidanmu ne. Kicin ɗinmu da falo ba bango a tsakani, kai kuma tun da ka koma yin aiki daga gida kana teburin cin abinci da kwamfutarka daga safe har la'asar. Ta ina za ta sauko?"

Jikina ya yi sanyi. Wata bakwai ina tausayin baiwar Allah, ina cewa sanyi ne, kewa ce, rashin maƙwabta ne, ashe ni ne zaune a bakin matakala. Na tuna sau nawa na ji motsin ƙofarta, na ji takun ƙafa biyu ko uku, sannan na ji an koma. Na ɗauka mantuwa ta yi. Ban san tarina take ji ta juya ba. Na ji kunya sosai, irin wadda ba ta da kyau, na juya mota muka nufi Summerfield.

A can matata ta nuna mini abin da na gani sau biyu ban lura ba. Bayan kujerar matuƙi akwai wata doguwar kujera mai babban jingina, ta juya wa jirgin baya tana kallon ruwa. Wanda ya zauna a kanta ba ya ganin matuƙi, matuƙi ma ba ya ganinsa sai in ya miƙe tsaye da gangan. Tsohon Baturen ya ce jikokinsa ke kwanciya a nan su sha rana. Ya ga muna ta gwada zama, ya tambayi dalili. Na ce masa ina neman wurin da surukata za ta zauna ba ta ganina, ba na ganinta. Ya fashe da dariya har da dukan cinya, ya kashe mini ido ya ce shi ma da ya san wannan dabara da tuni ya huta. Na buɗe baki zan ce masa ba ƙi ba ne, girmamawa ce, sai na ga Turancina ba zai kai ni ba. Na bar shi da dariyarsa, na biya shi, muka ɗaura jirgin a bayan mota.

Na daɗe ina tunanin dariyar nan. A wurinsa, in kana son mutum sai ka zauna gabansa ka kalli ƙwayar idonsa. Ni ma zaman ƙasar nan ya fara sa ni tunanin haka, shi ya sa na zaɓi jirgin da kowa ke kallon kowa, na ɗauka shi ne na iyali. Ban tsaya na tambayi kaina yadda matar da nake saya dominta ta san iyali ba. A gidan da ta fito akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai lungun da mace za ta miƙe ƙafa ta ci tuwonta ta yi dariya da ƙarfi, suruki na can waje ana jin muryarsa, kuma kowa ya san ana tare. Mun ɗauko ta mun kawo ta gidan da babu lungu ko ɗaya. Ranar Litinin na kwashe kwamfutata na koma gareji.

Asabar ta gaba muka fita. Na riga kowa shiga, na zauna na kafa ido a gaba. Na ji jirgin ya ɗan motsa da ta tako, na ji tana faɗa da rigar ceton da jikarta ke ɗaura mata a kan hijabi, tana cewa ita da ta yi iyo a kogin Kwara za a ɗaure kamar ƙunshin goro. Yarinyar ta amsa mata da Turanci cewa doka ce. Sannan na ji jinginar kujera ta ɗan turo bayana.

Tuƙina ba daɗi. Na taka ruwan nan kamar ina kan babban titi. Sai na ji muryar Hajiya daf da ƙeyata, kusan da ban taɓa jin ta ba: "Ki ce masa ya sassauta. Ki ce ya bi ta inda ruwa ya yi duhu, can ne zurfi." Matata tana zaune gabana, ta maimaita mini kalma bayan kalma kamar ban ji ba, ni kuma na ce mata to. Haka muka yi ta yi, Hajiya na tuƙa jirgi da bakin 'yarta.

Da muka kai inda ba kowa na kashe inji. Na ji an buɗe kwanon dambu a bayana, na ji cokali yana taɓa kwano, na ji tana tauna tana ba yara labarin wani kifi da ya fi ƙarfin mahaifinta. Matata ta miƙo mini nawa. Muka ci abinci tare, baya da baya, karon farko tun da na shiga danginsu.

Can sai Hajiya ta ce, "Ki ce masa maganar tikitin nan a dakata tukuna."

Matata ta buɗe baki za ta maimaita, murya ta ƙi fita. Muka kalli juna. Saƙon ya tsaya a hanya, ba mai isar da shi. Ban juya ba, na ce, "To, Hajiya."

Ta ce, "Madalla."