Ranar da Inna Ta Lulluɓe Wasiƙunmu

Ɗan koren haske na fara gani, yana ƙyaftawa a ƙarƙashin teburin falo kamar idon mai jin kunya. Ƙanwar mijina ce durƙushe a gabansa. Dawowarta ke nan daga karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, tana jona wata tsohuwar na'ura da ta samo a kasuwar Malanbil.

Ni na jawo aikin. Kafin aurenmu maigida yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ni kuwa duk mako sai in tafi siber, shagon intanet, in karanta saƙon imel ɗinsa. Ya iya rubutu. Ya taɓa ce mini duk motar da ta nufi garinmu Gaya sai ya bi ta da kallo har ta ɓace. Lokacin ji nake ni ma ɗaya ce cikin 'yan matan littattafan da nake saye a bakin tasha. Kwatsam bayan shekaru sai ga sanarwa wai akwatin imel ɗina ya cika, dole in goge wasu. In goge wanne?

"Matar yaya, share hawayenki," in ji ƙanwar mijin nawa. "Gidan waya zan gina miki a falonki."

Ta ce serbar ake kiran abin, kuma cikin kontena ta zuba shi. Na yi dariya, don mu kontenar da muka sani ita ce wadda manyan motoci ke tsallako gada da ita. Ta ce ai kusan haka ne: kaya a kulle wuri guda, in mota ta mutu a ɗaga a ɗora wa wata. Muka kwaso saƙonnin kaf zuwa gida, na goge na waje hankalina kwance.

Da bazara Inna, mahaifiyar maigida, ta zo daga Yelu. Ta tambayi mene ne wannan mai gurnani, na sunkuyar da kai na ce zancen aurenmu ne a ciki. A ɗakin Inna abu mai daraja ba ya zama a buɗe: rediyo da lulluɓinsa, kwanonin jere da nasu. Ina fita cefane ta ɗauko sabuwar atamfa ta naɗe na'urar ruf, ta ƙara bargo, ta ajiye mata kaskon turaren wuta a gefe.

Na dawo na tarar da ƙauri, hasken ya mutu. Na zube ƙasa ina kuka, Inna na tafa hannu.

"Ɗiyata, ni fa gata na yi mata!"

"Inna, kin dafa soyayyar yaya da ranta," in ji ƙanwar, tana dariya har da riƙe ciki.

Ta aro ordinatar ƙawarta, ta ciro faifan ajiya daga matacciyar, ta ɗora kontenar a kan sabuwa kamar yadda ta faɗa. Kafin la'asar saƙon farko ya buɗe. Ja'irar ta hau karantawa da ƙarfi, na rufe fuska da mayafi, maigida ya tsere waje ba takalmi. Sai ta kai inda ya rubuta cewa bayan ni, ba abin da yake kewa kamar dambun zogalen Inna. Inna ta ce a maimaita.

Yanzu Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta dawo wurinmu da zama. Kujerarta a gindin teburin take. Ko hula jika ya ajiye a kan na'urar da muka saya daga baya sai ta daka masa tsawa. In zafi ya tsananta ita ke yi mata fifita da mafici, tana cewa a karanto mata na dambun nan.