Minti Huɗun Mu'awiyya

A Ikara, in ka tambayi Mu'awiyya mai kwamfuta, za a ce maka ai shi ne ba ya ƙarasa gaisuwa. Abin da ban haushi, don da can samun mai ladabinsa sai an tona. Ɗan gidan malamai ne a Kurmin Kogi, inda ƙarami ba ya katse babba ko gobara ake yi.

A wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta yake aiki. Duk amsar da ɗalibi ya miƙa, waya take bi ta shiga wani akwati da ake kira suwic, daga nan ta wuce rumbun ajiya. Kowace kafa ta akwatin tana ƙirga kurakuran da suka ratsa ta. Mu'awiyya ne ya sa musu iyaka: in sun kai hamsin a minti ɗaya, saƙo ya shigo wayarsa. Makullin ɗakin akwatin kuwa yana aljihun mai cibiyar, Alhaji Salman, wanda ko matarsa ba ya bari ta riƙe.

Ranar jarrabawa, da hantsi, ɗalibai sun fara miƙa amsoshi sai saƙo ya shigo. Kafar da ke kai wa rumbu ce, kurakurai sittin. Ya san in ta ci gaba, duk amsar da ta bi ta nan ta bi iska.

Ya tarar da Alhaji a bakin ƙofa suna gaisawa da tsohon liman wanda ya zo yi wa yara addu'a. Mu'awiyya ya durƙusa yana jira. An tambayi gajiya, an tambayi iyali, an gangaro kan damina da rake. Waya ta sake motsi: ɗari uku. Liman ya shiga ta'aziyyar wani da ya rasu tun bara, waya ta ce ɗari tara.

Sai ya miƙe. "Alhaji, makulli."

"Ba ka ga muna gaisawa da Malam ba?"

Hannu kawai ya miƙa. Alhaji ya wurga masa, rai a ɓace.

Da ya buɗe ɗakin, ashe ɓera ne ya gwaigwayi wayar da ke kai wa rumbu. Canza ta bai ɗauke shi minti ɗaya ba, durƙuson kuwa ya ci huɗu. Amsoshin mutum goma sha ɗaya ba su isa rumbu ba, kuma ba a sake zaman jarrabawar sai baɗi.

Da azahar wata mata daga Saulawa mai suna Sabuwa ta same shi da goyo a bayanta. Ta ce karonta na uku ke nan tana neman makarantar jinya, mijinta kuma ya ce daga wannan an gama.

"Malam, tawa dai ta shiga ko?"

Ya duba jerin sunayen mutum goma sha ɗayan har sau biyu, alhali tun a duban farko ya gani.

"Ba ta shiga ba," ya ce. "Laifina ne."