Murhun Baba Modu da Na Sa Aka Rushe

Ko na manta komai na aikin nan, ba zan manta safiyar Talatar da na tsaya a unguwar Bagadaza, waya a hannu, ana rushe murhun burodin Baba Modu ba. Ku da kuka shigo bayanmu, ku saurara.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen muhalli. Takarda ta zo daga sama cewa a rage ƙona itace, a mayar da gidajen burodi kan gas. Ƙa'idar ita ce ba a ba ka sabon murhu sai ka rushe naka na ƙasa, jami'i ya ɗauki hoto ya liƙa a fayil. Wai don kada mutum ya karɓa ya ci gaba da itace a ɓoye.

Baba Modu mutumin Borno ne, rikici ya koro shi Gombe. Da hannunsa ya gina murhun nan, da shi yake ciyar da iyalinsa da marayun ƙanensa. Sau uku ina zuwa yana ƙi.

Ya ce, "Ɗana, a bar shi a gefe mana. In sabon ya yi aiki, ni da kaina zan fasa shi."

Na ce, "Baba, ƙa'ida ba ta yarda ba. Ni na tsaya maka."

A kan maganar nan tawa ya ɗauko diga.

Sabon murhu ya iso, yana ƙyalli kamar motar amarya. Da gas yake ci kam, amma fankar da ke rarraba zafi sai da lantarki, kuma babu wanda ya gaya mana. Wuta a unguwar sai an ga dama. Ya koma janareta, sai ga mai ya yi tashin gwauron zabo, gas ya bi bayansa. Ya ƙara kuɗin burodi, masu shayi suka koma wajen maƙwabtansa masu burodi, waɗanda suka ƙi jin maganata suka riƙe itacensu.

Na sami Daraktanmu na ce, "Yallaɓai, a bar shi ya sake gina na ƙasa."

Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "An riga an tura rahoto cewa ya koma gas. Wuta ta masu makamashi ce, farashi na masu tattalin arziki. Mu namu hayaƙi ne. Hayaƙi na tashi a gidan?"

Ba ya tashi. An rufe gidan burodin.

Bara gas ya fi ƙarfin albashina, uwargida ta ce in biya in sayo gawayi. Na tsaya a bakin titi a Pantami, mai gawayin ya ɗago, hannu baƙi ƙirin. Baba Modu ne. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya auna mini, ya ƙara gyara, ya ce, "Ɗana, kai ma ka dawo?"

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Kowace ma'aikata tana rubuta manufarta a ɗakinta, ba ta leƙa ta kusa, kuma a kan talaka suke karo. Ba na jin za mu gyaru. Ku dai, kada ku ce wa kowa kun tsaya masa a kan abin da ba a hannunku yake ba.

Hoton da na ɗauka ranar yana nan a bangon ɗakin taronmu. A ƙarƙashinsa an rubuta "Nasara".