Ɗan Baya a Kan Jingar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Haɗeja, ni da Bajamushen da nake tuƙawa. Injinan ban ruwa yake kafawa yanzu, amma kafin gwiwa ta zaunar da shi, ƙuruciyarsa kaf a ƙwallo ta ƙare, yana tsaron baya a ƙasarsu. Ni ma baya nake tsarewa a kulob ɗin unguwarmu, dalilin da ya sa na lallaɓo shi ke nan. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya aiko sau uku in bar wasan yara in dawo gonar shinkafa. Na ce to bari in kai masa wanda ƙwallo ta yi wa riga da wando, ko ya sakar mini mara.

Kwaltar da kuɗin fetur ya shimfiɗa ba ta yi nisa ba ta gaji, Landiroba ta shiga rawa. A Gujungu muka sha fura. Mai furar na ganin farar fata ta ninka kuɗi, na ce haba Inna, ai ni ɗan gida ne. Ta yi dariya ta ƙara mana nono.

Muna wuce Kaugama ƙasa ta buɗe. Ruwan damina ya kwanta lumui cikin ciyawa, furen bado fari fat, gajimare na tafiya a cikinsa a hankali. Bature ya zuba ido yana kallo. Ni kuwa tuƙi nake, amma zuciyata tana can wani fili mai fitilu da ban taɓa gani ba, ana kiran sunana.

Kawu ya tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Sai da aka wanke hannu ya ce, "Tambaye shi, ƙwallo nawa ya ci?"

Bature ya murmusa ya ce ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, shi aikinsa hanawa ne. Wallahi ji na yi kamar in nutse. Kawu ya miƙe ya ce mu je gona.

A kwale-kwale muka je, Kawu na tura gora. Muka sauka kan jinga, tudun ƙasar da yake ɗagawa kowace shekara don kada kogi ya cinye shinkafa. Bature ya bi ta yana ɗingishi, yana danna ƙafa, har ya tsaya inda ruwa ke tsattsafowa ya nuna. Kawu ya dube shi da kyau.

"Nan ne ke hana ni barci," in ji shi. "Ashe ya san aiki."

Daga nan hira ta ɓarke, ni ne tafinta. Bature ya ce shekara da shekaru ba a yi masa tafi ba, sai ranar da aka wuce shi ake tuna sunansa. Kawu ya ce haka jinga take. Raina ya yi fari, na ce yau na ci gari.

Sai Bature ya ci gaba. Ya ce mahaifinsa ma manomi ne, ya yi ta kiransa, shi kuma yana cewa sai kakar wasa ta ƙare. Ranar da gwiwa ta sallame shi ya koma, ya tarar tsohon ya rasu, gona na hannun wasu.

Saura ni in fassara. Kawu ba ya jin Turanci, in na ga dama sai in ce yabon shinkafa ake yi. Na dubi hannunsa kan gorar, na ga tsufan da ban san ya kama shi ba. Na faɗa masa duk yadda aka faɗa.

Kawu ya ce, "Allah ya ji ƙan bawansa." Bai dube ni ba.

Washegari muka juyo, aka cika mana mota da busasshen kifi, har Kano muna ƙarni. Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne: na shekara bakwai ina tare wa mutane ƙwallo, na bar tsoho ɗaya yana tare kogi shi kaɗai. Ina son ƙwallo, ba zan ɓoye ba, kuma barinta zai yi mini ciwo. Amma na riga na gaya wa Bature ya nemi wani direba kafin ruwan farko na damina mai zuwa.