Zuwa Gaya neman hular harsashin Kawu

Mun tashi da asuba daga Karakara, ni da wani maƙwabcinmu mai kai albasa kasuwar Gaya. Kawuna ne ya aike ni. Shi ne maharbin garinmu, bindigarsa mai takardar izini ce, kuma duk shekara in rake ya kusa sara, shi ke gadin fadama kada gyado, mugun dawa, ya yi mana ɓarna. Wannan karon gyadon ya riga ya tumurmushe gonaki biyu, tamu ce ta gaba.

Kawu da kansa yake narka dalma ya zuba harsashinsa. Amma akwai wata 'yar hula ta ƙarfe, ba ta kai farce ba, da ake sa wa gindin harsashin don kada zafin albarushi ya cinye dalmar. Ita ce ta ƙare masa, kuma wani tsohon maƙeri a Gaya kaɗai ke yin ta. Kawu ya ce ƙafa ke damunsa, in je a madadinsa.

Ni mutum ne mai zargi, kowa ya san ni da haka. Tun a tasha na soma. Direba ya ce esansi, wato man mota, ya yi tsada, ya ƙara kuɗin mota, na ce ƙarya yake, muka yi ta yi har ya ce in sauka in bi jaki. Hanya kuwa ramuka ne har muka hau gudro, wato kwalta. Wajen garin Bana jandarmomi suka tsai da mu, suka duba katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa. Ba na ɗauke da komai, amma gumi ya jiƙa mini riga don tunanin dawowa da abin da aka aike ni.

Gaya na nan da giginyoyinta da manyan kamiyo na ɗaukar kaya jere a bakin hanya. Muka ci kopto, kwaɗon zogale, da soyayyen kifi wurin wata mata Bazabarma. Na juya kifin na shinshina, ta ce in na gama binciken in gaya mata ranar da ya mutu.

Maƙerin yana bayan kasuwa, fartanya da lauje kawai za ka gani a rumfarsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ƙare mini kallo, ya tambayi sunan mahaifiyata da unguwarmu. Zamanin 'yan bindiga ne, ban ga laifinsa ba, amma raina ya sosu. Daga baya ya fito da gwangwani biyu. Ɗaya hulunan jan ƙarfe, ɗaya na sanholo farare, waɗanda yake yankawa daga gwangwanin lemo. Ya ce ja ta fi kama gindi, ba ta saɓulewa, sai dai tsada. Fara kuwa araha ce, tana aiki, amma laushi gare ta, wani lokaci ta faɗi a hanya. Na ɗauki ja guda na goga a dutse, don ina zaton sanholo ne aka shafa wa fenti. Ja ce har ciki. Na zaɓi ja.

Yana cikin ƙunshe mini a leda ya ce, "Ɗana, me ya hana kawunka zuwa da kansa?"

Na ce, "Ƙafa ce, Baba."

Sai ya dakata. Ya nuna mini wani garu a ƙarshen fili. Ya ce al'adarsa ce, duk maharbin da ya zo, sai ya ajiye ja da fara a kan garun nan, mutum ya faɗi wace ce wace kafin ya sayar masa. "Bara kawunka ya ce duka farare ne. Na ba shi don kunya, na ce kada ya dawo sai ya ga lokotoron ido. Yara na shiga rake da magariba, ɗana." Ya juye hulunan cikin gwangwani ya rufe.

Wallahi na hasala. Na ɗauka dabarar ƙara farashi ce, na ce ya faɗi abin da yake so. Ko kallona bai yi ba.

A mota na yi ta zage-zage. Maƙwabcina ya bari na gaji, sannan ya ce ai gari duka an san idon Kawu ya yi rauni, shi ya sa mata suka daina aiken yara fadama da yamma. Ba wanda ya iya faɗa masa.

Tafiyar nan ta koya mini cewa na ƙarar da zargina a kan direba da mai kifi da maƙeri, na bar wanda nake cin tuwo da shi kullum ban dubi idonsa ba.

Mun iso gida bayan la'asar. Kawu na zaune a rumfa, ƙafarsa lafiya lau. Na gaya masa komai, ban rage ba. Tausayinsa ya kama ni. Sannan ya ce in tara samari gobe da ganguna da gwangwanaye, su kwana a fadama suna korar gyadon. Ya miƙa hannu yana laluben bindigar a jikin bango, ya ba ni, ya ce in kai ɗaki in rufe, in riƙe makullin.