Makaronin Yayana

Shekarun baya masu nisa, tun ina budurwa a ƙauyenmu da ke kusa da Gangara, aka dawo mana da yayana daga arewa. Babbar mota ta sauke shi a Tanut, daga nan amalanke ta ƙaraso da shi gida. Lokacin kaka ne, ana cikin yankan gero. Da na fito ban gane shi ba. Mutumin da ya tafi da wuya kamar na bajimi, sai ga shi mutum biyu sun tallabe shi ana sauko da shi, yana tari yana dafe ƙirji.

Shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce auta. Cirani ya tafi tun yana saurayi, ya yi dako, ya yi leburanci, daga ƙarshe ya samu aikin kuku a gidan wani Nasara can wajen Arlit. A nan ya zauna, ya ƙware. Amma ranar da labari ya iso ƙauye cewa ɗan gidanmu abinci yake dafawa, mahaifina bai ci tuwon dare ba. Manomi ne mai ji da kansa, kuma a wurinsa murhu na mata ne. Abokansa suka samu abin tsokana, in ya taho sai su ce ga uban kuku nan. Tun daga nan ya ɗaure wa yayana fuska. In ya zo ganin gida, gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Wata babbar riga da ya taɓa kawo masa, a gabansa mahaifina ya miƙa wa maƙwabci.

An kai shi likita a Tanut, aka tura shi Damagaram. Can aka ce huhu ne, kuma an makara. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a ware masa kwanonsa da moɗarsa, kada kowa ya ci tare da shi. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida. Mahaifina kullum in zai tafi gona sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Ya jikin?" Yayana ya ce, "Da sauƙi, Baba." Shi ke nan. Mahaifiyata kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta zama kusa da shi, ko sunansa ba ta kamawa. Ni ce 'yar aike tsakaninsu.

Wata safiya na kawo masa kunu, ya ce in jawo akwatinsa na ƙarfe. A ƙarƙashin tufafinsa akwai makaroni ƙulli biyu. A lokacin mu ba mu san shi sosai ba, sai dai mu gani a kantin Tanut mu wuce.

Ya ce, "Auta, kin san abin da ke ci mini rai? Ba tarin nan ba ne. Shekara da shekaru ina ciyar da mutanen da ko sunan garinmu ba su sani ba, amma Inna da Baba ba su taɓa ɗanɗana abin hannuna ba."

Na ce, "Yaya, ai ka san halin Baba."

Ya ce, "Na sani. Ke dai ara mini hannuwanki, ni ba na iya tsayuwa."

Abin da yake so a yi shi ne makaroni da madara da cuku, wanda ya ce duk cikin girkinsa shi mutanen gidan suka fi so. Muna da 'yar akuya mai ba da madara, akwai kuma guntun cuku, busasshen nonon nan na Buzaye, a rataye a ɗakin Inna. Ya fara yi mini bayani, sai maganin da ya sha ya sa barci ya ɗauke shi. Ni kuwa a lokacin ina ganin duk Damargu ba wadda ta kai ni iya tuƙa tuwo. Na ce me zan jira? Na hura wuta bal-bal, na zuba ƙulli guda da madara da cuku gaba ɗaya, na kawo muciya na shiga tuƙi da ƙarfina. Abin da ya fito, shi ba tuwo ba, shi ba kunu ba. Madara ta tsinke, gindi ya ƙone, cuku yana nan da taurinsa kamar ɓawon itace. Kajin gidanmu ma sai da suka zagaya shi suka yi shawara kafin su sa baki.

Da ya farka ya gani, ya yi dariya har hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya kwanta. Amma dariyar ta taso da tari, da ya ɗauke tsumma daga bakinsa na ga jini. Na fashe da kuka ina ba shi haƙuri.

Ya ce, "Bar kuka. Ni na farko da na yi, matar Nasaran ta sa an zubar a bola. Saura ƙulli guda, sai dai cuku ya ƙare."

Duk wannan a kunnen mahaifiyata, tana ɗaki. Tana da wata ƙawa Buzuwa, mutanen wajen Belbeji, da kan sauka da dabbobinsu kusa da mu duk kaka. Washegari da sassafe muka nemi Inna muka rasa. Sai da hantsi ya yi sosai ta shigo, ƙafafunta duk ƙarangiya, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini cuku sabo fari tas, da curin man shanu a ɗan ƙoƙo. Ba ta dubi rumfa ba, ta ce, "Ungo, ki kai wa mai tarin nan. Na ji kamar yana cigiya."

Wannan karon ban motsa ba sai da umarninsa. Ya sa na jingina shi da ginshiƙin rumfa yadda zai ga komai. Na daka cukun a turmi har ya yi gari, na jiƙa shi cikin madara mai ɗumi. Makaronin kuwa tafasa ɗaya ya bari ya yi, ya ce in tsame tun yana da sauran tauri. Na shafe tukunya da man shanu, na zuba makaroni, na kwarara madarar da cukun a kai, da albasa yankakka da ɗan masoro da gishiri. Da na kai hannu ga muciya, ya ce, "Auta, in kika taɓa wannan sandar, ni da ke ne."

Ya ce can gidan da yake aiki suna da fur, wani akwatin wuta da ake rufe abinci a ciki, mu kuwa ƙasa ce fur ɗinmu. Ya sa na tona ɗan rami a gefen murhu, na zuba garwashi kaɗan, na yayyafa masa toka don kada ya yi ƙarfi. Na zaunar da tukunya, na naɗe bakin murfin da jiƙaƙƙen tsumma, na ɗora wani garwashin bisa murfi, na lulluɓe da toka har ba a ganin komai.

Na ce, "Yanzu sai me?"

Ya ce, "Sai zama. Abincin nan ba ya son a matsa masa. Da kin ƙara wuta madara ta ɓaci."

Daga azahar muka zauna. Ban taɓa doguwar hira da yayana irin ta ranar ba, don ya tafi tun ina ƙarama. Ya ba ni labarin ɗan masu gidan, wani yaro da ba ya cin abinci sai in shi ya ba shi, har ya koyi cewa "ƙara mini" da Hausa. Ya ce niyyarsa da ma ya dawo ya kafa 'yar rumfar abinci a tashar Tanut, inda direbobin Agadas ke tsayawa, ni in riƙa taya shi. Ya ce, "In na samu sauƙi..." bai ƙarasa ba. Ni kuma na sunkuyar da kai ina zane a ƙasa da tsinke. Can in ce bari in leƙa, ya ce a'a. Can in ce ina jin ya ƙone, ya ce hancina ya fi naki, zauna.

Bayan la'asar ya shaƙi iska, ya ce, "Tone." Na share tokar na ɗaga murfi. Ƙamshin ya cika gidan har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga. Sama ya yi ja-ja, ciki kuwa laushi luɓus, madara da cuku sun narke sun kama kowane ɗan makaroni. Ya duba ya daɗe, ya ce, "Yauwa. Shi ne wannan."

Shi ya nuna yadda za a raba. Na kai wa Inna nata, na zuba na Baba a akushinsa na nufi zaure. Na tarar ya dawo daga gona yana tufkar igiya. Na durƙusa na ajiye. Ya buɗe ya duba.

"Mene ne wannan?"

"Yaya ne ya ce a kawo maka."

"Shi ya dafa?"

"Shi ya dafa, Baba. Ni hannu kawai na sa."

Ya mayar da murfi, ya ce, "Bar shi nan." Ya ci gaba da tufkarsa.

Na koma rumfa, yayana ya zuba mini ido. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "To, ai bai ce a mayar ba." Ya ɗauki cokali ya kai ɗan kaɗan baki daga kwanonsa, ya yi ta juya shi, ya kasa haɗiyewa. Ya ture kwanon. Inna tana bakin ƙofar ɗaki ta ba mu baya tana cin nata a hankali. Da ta gama ta ɗaga murya kamar da ni take, ta ce, "Wanda ya yi wannan, Allah ya yi masa albarka."

Rana ta yi ƙasa, na riga na fid da rai, sai ga Baba ya shigo riƙe da akushi a hannunsa. A tsawon rayuwata ban taɓa ganin ya ɗauko kwano da kansa ba. Ya wuce kai tsaye rumfa, ya zauna a bakin tabarmar yayana, ya buɗe akushin ya sa hannu. Ya ci loma, ya ƙara, ya ƙara.

Can ya ce, "Ashe abin da kake yi ke nan a can."

"Shi ne, Baba."

"Da cukun Buzayen nan namu?"

"Da shi."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya yi daɗi." Ya dubi kwanon da aka ture gefe. "Kai ba ka ci ba?"

"Ba ya wucewa, Baba."

Sai ya ce in kawo sauran madara. Ya zuba a cikin nasa akushin, ya dama makaronin da yatsunsa har ya yi ruwa-ruwa. Ya ɗago kan yayana ya jingina shi da ƙirjinsa. Na ce, "Baba, likita ya ce..." Ya dube ni sau ɗaya, na ja da baya. Da hannunsa ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kamar mai ciyar da jinjiri, shi ma yana ci daga cikin akushin. Abin da ya wuce bai taka kara ya karya ba, amma ya wuce. Hawaye suna bin kumatun yayana, Baba yana share masa da hannun rigarsa yana cewa, "Bari, bari, kada tarin ya taso."

Daga ranar, in Baba ya dawo gona a rumfar yake zama. Ba wata hira suke yi ba, shi yana tufka, yayana yana kwance yana kallonsa. Ba su daɗe a haka ba. Kafin a gama kai gero rumbu, wata safiya Allah ya karɓi abinsa.

A wurin zaman makoki wani baƙo ya tambayi aikin da marigayin yake yi a arewa. Wani dattijo ya yi sauri ya ce ai cirani ne kawai. Ina daga cikin zaure na kawo ruwa, na ji Baba ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kuku ne. Abinci yake dafawa, kuma ya iya." Bayan haka ya rufe fuskarsa da rawani.

Kwanakin baya na je Damagaram wurin 'yata, na tarar ta sayi wata tukunyar lantarki da ke dafa abinci a hankali. Ta zuba makaroni da madara da cukun kanti, ta rufe ta tafi aikinta, ba rami ba toka. Da ta zubo mini na ci, ya yi daɗi ƙwarai, amma na kasa gamawa. Ta ɗauka gishiri ne ya yi yawa. A ranar na ba ta wannan labarin, don ba ta taɓa jin sa ba.

Ba na riƙe mahaifina da komai, yadda ya tashi ya ga ana yi ke nan, kuma na ga yadda abin ya ci shi har ƙarshen ransa. Abin da ke sosa mini rai shi ne ƙanƙantar maganar da yayana ya yi shekaru yana jira. Da an faɗe ta tun yana da ƙafafunsa, da wataƙila ya riƙa zuwa gida akai-akai, da an ga ciwon da wuri. Allah kaɗai ya sani.

Shi ya sa lokacin da ɗana ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya ce shi ɗinkin kayan mata zai koya, na ji irin fushin Baba ya taso mini har wuya, na kuwa gane shi. Ban bari ya kwana biyu a raina ba. Na ɗauki atamfata na kai masa shagon da yake koyo, na ce ya ɗinka mini. Rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na sa ta na tafi suna da ita, duk wadda ta tambaye ni na ce ɗana ne ya ɗinka.

Allah ya jiƙan yayana da iyayena, ya haɗa su inda ba ciwo.